Tulun Bushiya

"Ku matso, ku matso. Filibus, sauke ƙafarka daga kan tabarmar mutane. To, ga ta nan, ga ta nan gare ku."

"Ta zo mu sha, Kaka Rifkatu!"

Wata Bushiya ce, tsohuwa kamata, mijinta ya riga ta gidan gaskiya. Gidanta can bayan rafi, ita kaɗai, ba ɗa ba jika. Ba ta da komai sai 'yar gonar gero da wani tsohon tulu mai tsagaggen baki, wanda ya daina riƙe ruwa tun tuni.

A wancan zamani namun daji suna da majami'arsu, wata rumfa a gindin wata tsamiya. Malam Burtu ne mai wa'azi, ga baƙar riga ga murya kamar daga cikin randa. Zabuwa ce uwar zumuntar mata. Kuma al'adarsu, duk wanda ya shiga ikilisiya shi zai kwaɓa laka ya gina wa kansa mazauni daidai jikinsa. Na Giwa kamar rumbu. Na Bushiya kuwa ɗan mitsitsi ne, kusa da na Zabuwa, in ba ka lura ba sai ka yi tuntuɓe da shi.

To wannan tulun nata shi take bugawa in ana waƙa. Ran Lahadi tun da sassafe za ta ɗora shi a ka, ta kama hanya da 'yan gajerun ƙafafunta, ɗis ɗis ɗis. In ta zauna ta dafa bakinsa ta buga, dum, dum, sai ka ga har Giwa tana rausaya.

Shekarar nan fa wahala ta sa ta a gaba. Da fari tsuntsaye suka sauka a gonarta, suka cinye geron tas, suka bar mata kara. Ta yi kuka, kada wani ya ce muku ba ta yi ba. Ta zauna a kunyar gona ta yi mai isarta. Ran Lahadi ta wanke fuska ta ɗauki tulu.

A hanya ta ci karo da maƙwabcinta Gizo, kwance a inuwa yana sakace, alhali bai ci komai ba. Shi dai bai taɓa leƙa majami'a ba.

Ya ce da tsamin bakin nan nasa, "Shannu, Iya Bushiya. Ashe abin da ya faru ke nan? Ai yau sai ki zauna a gida a zo miki jaje."

Ta ce, "Masu jajen suna can gindin tsamiya, Gizo. Gara in kai musu kaina."

Da rana ta yi sai ga ta tana dawowa, fuska wasai, tana waƙa:

"Rumbuna ba hatsi,
Yesu na nan, ni ma ina nan.
Tulu, gaya musu, dum, dum!"

Gizo ya ɗaga kai ya ce a ransa, "Af! Ta tafi da jajayen idanu, ta dawo kamar wadda ta sha zuma?"

Ba a jima ba aka yi ruwa da iska, ɗakinta ya zube. Ta kwana a jiƙe, ta yi kuka, ran Lahadi ta ɗauki tulu.

Gizo ya ce, "Haba Iya! Mai ɗaki ma yana fashi, balle ke? Zauna ki yi gini."

Ta ce, "Laka ba ta gudu, gobe tana nan."

Ta dawo tana waƙa:

"Ɗakina ba jinka,
Yesu na nan, ni ma ina nan.
Tulu, gaya musu, dum, dum!"

Na uku, tana tattara itacen ɗakin da ya faɗi, azara ta danne mata ƙafa. Ƙafa ta kumbura suntum. Ran Lahadi ta sari kara ta dogara, tulu a ka, tana ɗingishi.

Gizo ya tare ta. "Iya, tsakani da Allah, mene ne a cikin tulun nan?"

Ta yi dariya ta ce, "Ba komai."

"Ba komai? To me ake raba muku a can?"

"Zo ka gani mana. Ni dai kayan da ya fi ƙarfina nake kaiwa, mu taru mu miƙa wa Ubangiji, in dawo sakayau."

Gizo ya ce a ransa, "Ƙarya ne! Ba hatsi, ba ɗaki, ba ƙafa, amma tana waƙa? Zuma ake zuba mata a tulun nan, shi ya sa ba ta rabuwa da shi. Sai na raba ta da shi."

Kun san Gizo, in aikin ƙwarai ne bayansa ciwo yake, in na mugunta ne ba ya gajiya. Akwai wata tsohuwar rijiya da ta ƙafe a bakin hanyar majami'a. Ran Alhamis ya je ya shimfiɗa karan dawa a bakinta, ya barbaɗa ƙasa, ya jawo ƙaya ya toshe hanyar ƙwarai, yadda dole mai wucewa ya bi ta kai. Dabararsa, in ta faɗa ya leƙo ya ce, "Miƙo tulu in fid da ke."

Da ya gama ya ja baya ya duba. Aiki ya yi kyau, har ya burge shi. Ya ce, "Kai, kamar ƙasar gaske! Bari in taka in ji." Ya taka. Zuruf! Ya zurma ta tsakanin kara, kara ya koma ya rufe.

"Kaka, ai Gizo ya iya hawa bango!"

Kande, ke kika zo da tatsuniyar ko ni? Bangon duk gansakuka ne, santsi kamar miyar kuɓewa, kuma ya gurɗe ƙafafu wajen faɗuwa. Ya yi ihu ran Alhamis, shiru. Ya yi ran Jumma'a, shiru. Ran Asabar murya ta dushe. Matarsa Ƙoƙi ko a jikinta, ta ɗauka ya bi gidajen biki kwaɗayi kamar yadda ya saba.

Ran Lahadi ga Bushiya tafe da ɗingishinta. Ta ga ƙaya a hanya ta ce, "Oh, wa ya yi wannan aika-aika?" Ta ratse. Kara ya ce ƙaras! Ta dunƙule jikinta kamar yadda bushiya ke yi, ta faɗa tim cikin taɓo. Tulu ya biyo ta ya nutse a laka, Allah ya kiyaye bai fashe ba.

Tana warware jiki sai ta ga wani abu ya rarrafo ya rungume tulun, ya cusa kai ciki har wuya. Ya laluba, ya lasa, ya girgiza. Ya fito da kai duk laka.

"Ba komai a shiki!"

Ta ce, "Gizo? Ai na gaya maka. In da akwai abu a ciki, da ba zai yi ƙara ba." Ta dubi karan da ke sama, ta dube shi, ta gane komai. Ranta ya ɓaci ƙwarai, har ƙayoyin bayanta suka miƙe. Ta buɗe baki za ta wanke shi tas, sai ta ga yadda ya rame, idanu sun faɗa, leɓe ya bushe. Tausayi ya kama ta. Ta kwance bakin zanenta, ta ɗauko 'yar gyaɗar da za ta kai baiko a majami'a, ta ba shi.

Yana ci yana kuka. "Mun mutu, Iya. Tun Alhamis nake nan, ko kare bai leƙo ba."

Sai suka ji cida. Sararin da ke bakin rijiya ya yi baƙi ƙirin. Ruwa ya fara sauka, kuma duk ruwan hanya nan ya nufo, yana kwararowa ta bango. Kafin ka ce me ya kai mata gwiwa.

Tsoro ya kama Bushiya, don ba ta iya iyo ba. Can nesa ta jiyo ana buga tsohuwar garmar da aka rataye a tsamiya, ita ce ƙararrawarsu. Ƙwal, ƙwal, ƙwal. Ba ta taɓa jin wannan ƙara tana wani wuri ba. Hawaye ya zubo mata. Ta ce, "Ya Yesu, ka ga inda nake." Sannan ta jawo tulu ta dafa bakinsa.

Gizo ya ce, "Me za ki yi?"

"Lokacin sujada ya yi."

"A rami? Kin haukace?"

"Ka taya ni amshi, ko ka yi mini shiru."

Ta buga, ta ɗauko waƙa:

"Ina cikin rami,
Yesu na nan, ni ma ina nan.
Tulu, gaya musu, dum, dum!"

Bari mu bar su nan mu leƙa majami'a. An cika maƙil. Zabuwa ta gyara zanenta mai ɗigo-ɗigo ta ɗauko waƙa. Aka amsa, waƙa ta tafi kaɗan ta watse, wasu na gaba wasu na baya. Ta sake ɗaukowa, ta sake watsewa. Ta uku ma haka. Zabuwa ta fusata ta juya ta ce, "Wai Bushiya barci kike ne? Ina tu..." Maganar ta maƙale. Ɗan mazaunin nan wayam.

Giwa ta ce, "Ranar da tsuntsaye suka cinye mata gero ta zo."

Wani ya ce, "Ranar da ɗakinta ya faɗi ta zo."

Zabuwa ta ce, "Da kumburarriyar ƙafa ma ta zo. Malam, ba lafiya ba!"

Malam Burtu ya rufe Littafi ya sa a hammata, ya ce, "Jama'a, sauran sujadar a hanya za mu yi ta. Ku tashi."

Suka fito cikin ruwan nan da kayansu na Lahadi, suna kira, "Bushiya! Iya Bushiya!" Iska ta kwashe kiran. Sai Giwa ta tsaya cak, ta baza kunnuwa, ta ce, "Ku yi shiru. Ƙasa tana kiɗa." Suka kasa kunne. Can ƙasa-ƙasa, dum, dum, dum.

Zabuwa ta ce, "Hannunta ne! Ko a mafarki na san shi!"

A cikin rijiya ruwa ya kai wa Bushiya ƙirji, ta ɗaga tulu sama tana bugawa. Gizo kuwa ya fara shan ruwa, yana nitso yana tasowa. Ta dubi tulu, ta dubi Gizo. In ta sa shi ciki, kiɗa ya mutu, ba mai jin su. In ta bar shi, ya nutse. Ta buga na ƙarshe da dukan ƙarfinta, ta cafko Gizo ta jefa cikin tulu, ta ɗora a ka, ta yi ɗage.

Kiɗa ya ɗauke. Amma wannan bugun na ƙarshe ya isa. Sai ta ga kara ya yaye, ga hancin Giwa yana saukowa. Ya naɗe ta da ita da tulun, ya ɗaga su sama ya dire a kan ciyawa.

Wayyo, ku zo ku ga murna! Mata suka rangaɗa guɗa, Malam Burtu ya ce "Halleluya!" har tsuntsaye suka tashi. Zabuwa ta rungume ta, ƙaya ta soke ta, ba ta ko ji ba.

Bushiya ta yi tari ta tofar da ruwa ta ce, "Malam, kullum kana cewa kowa ya zo da baƙo. Ga nawa." Ta karkata tulu, Gizo ya zubo tsamo-tsamo.

Da aka ji shi ya haɗa tarkon, Zabuwa ta yi kansa za ta tsattsage shi. Bushiya ta shiga tsakani ta ce, "A'a, Uwar Zumunta. Da wuya na ɗauko shi, kada ki yi mini asara."

Gizo ya sunkuyar da kai. Can ya ce a hankali, "Ita ko rabin yini ba ta yi ba kun fito cikin ruwa. Ni tun Alhamis, ba wanda ya neme ni."

Zabuwa ta ce, "Ta ina za mu san ba ka nan? Kana da mazauni ne?"

Sai hawaye ya zubo wa Gizo.

Suka koma gindin tsamiya jiƙe sharkaf, Bushiya a bayan Giwa. Ta hau ɗan mazauninta ta buga tulu, waƙa ta tsaya da ƙafafunta, aka yi rawa har laka ta kai gwiwa. Da gari ya waye aka yi mata gayya, aka tada ɗaki, kowa ya kawo ɗan abin da ya samu.

Gizo fa? Malam Burtu ya ce ya kwaɓa laka ya gina nasa mazaunin. Kunya ta hana shi zama cikin mutane, sai ya hau can kusurwar rufi ya saƙa nasa da zare. Shi ya sa har gobe, ku share majami'a ƙal ran Asabar, ran Lahadi ku ɗaga kai za ku ga yanarsa. Ya rantse ba zai ƙara fashi ba, don in ya ɓace a sani.

To kun ji. Mai bin Yesu yana shan wahala kamar kowa, yana kuka kamar kowa, amma wahala ba ta ƙwace masa waƙarsa, don ba shi kaɗai yake ciki ba. Kuma ku riƙa zuwa sujada, ku zauna cikin 'yan'uwa a san wurinku, don ranar da kuka faɗa rami a ga wurin wayam a fito nemanku.

Ƙurungus! Kan kusu ne, ba kan jikokina ba. A tashi a wanke ƙafa, gobe Lahadi. Filibus, ina ganinka, kada ka tashi mini da ciwon cikin ƙarya.