Tsamiyar Sunusi

Akwai wani direba a Doha mai suna Sunusi. Ya taɓa tuƙa wani injiniya ɗan Japan, a wurinsa ya koyi bonsai, wato rainon itace a ƙaramar tukunya har ya tsufa bai wuce kamu biyu ba.

Nasa itacen tsamiya ne. Daga ƙwallon da ya tsinta a kunu ya shuka ta, a barandar ɗakin da suke haya a unguwar Mansura shi da ƙanensa Garzali, mai aikin sikiriti.

Duk wanda ya ga Sunusi a gaban tsamiyar nan zai rantse babu mai haƙurinsa. Yakan naɗa wa reshe wayar tagulla, ya lanƙwasa shi kaɗan, ya bar shi wata da watanni kafin ya ƙara. Amma ka taɓa masa kofin shayi, ranar za ka ji sunan kakanka.

Wata shekara wata ƙungiyar masu lambu ta shirya baje koli a wani zaure a Mesaimeer, aka ba Sunusi teburi guda. Garzali ya ɗauki hutu don ya taya shi kaya.

Sunusi ya shirya wurin yadda aka koya masa. Tsamiya a dama, ta karkato hagu. A bango ya rataye doguwar takardar da injiniyan ya bar masa, mai zanen tsuntsu ɗaya, wanda Sunusi yake kira shamuwa. Can hagu ya ajiye 'yar ciyawa a fasasshen kasko, don mai kallo ya ji ƙanshin farkon damina. Tsakaninsu bai sa komai ba. A wannan sana'a, filin da aka bari shi ma kaya ne.

Bai bayyana wa Garzali ko ɗaya ba. Ya ce kawai, "Tsaya nan, zan gyara fakin."

Garzali ya dubi teburin, ransa ya sosu. Gani ya yi kayan yayansa sun yi kaɗan, kamar na marar gata. Dama ya sayo furannin roba ja da ruwan ɗorawa a wani shago a Mansura, ya ɓoye a jaka. Ya jera su a filin nan. Ciyawar kuwa, ya zaci haki ne ya tsiro a tsohon kasko, ya juye ta a kwandon shara.

Sunusi ya dawo ya tsaya cak.

"Yaya, ka ga yanzu ya cika ido," in ji Garzali yana murmushi.

"Ina ciyawar?"

"Wannan hakin? Khalas, shi ke nan, na zubar."

"Jaki! Ɗan ƙauye! Wa ya sa ka?"

Akwai ragowar wayar tagulla mai kauri a aljihunsa. Ya zaro ta ya zabga wa ƙanensa a fuska. Kunci ya tsage daga ƙasan ido zuwa haɓa, jini ya fantsama har kan shamuwar. Garzali ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma kama mutane ne aikinsa, amma bai ɗaga hannu ba.

"Yaya, mutane na kallo."

Sunusi ya ƙara masa a wuya, ya ƙara a kunne. A bugu na gaba ƙafarsa ta kwashe ƙafar teburin. Tukunyar ta zame.

Garzali ya yi tsalle ya tare ta. Ya faɗi da ita a ƙirji, hannunsa na dama ya lanƙwashe a ƙarƙashinsa. Waɗanda ke kusa sun ji ƙarar ƙashin. Ko ganye ɗaya bai faɗi daga tsamiyar ba.

A asibiti, wata nas 'yar Filato mai suna Kaneng tana wanke masa ciwon ta tambaye shi da Hausa, "Ɗan'uwa, wa ya yi maka haka?"

"Faɗuwa na yi, Anti."

"Faɗuwa ba ta yin layi uku a jere."

Haka ya gaya wa 'yan sanda ma. Sai dai zauren na da kyamara. Garzali ya ce ya yafe, amma kamfanin da Sunusi ke wa tuƙi ya ce ba ya ba mutum irin wannan mota da fasinja. Aka soke aikinsa, aka sa shi a jirgin Kano. Tsamiya ta tsaya a Mansura.

Bayan wasu watanni Garzali ya kira Sunusi ta bidiyo. Hannun ya ɗoru, amma yatsu biyu ba sa rufuwa.

"Yaya, tagullar ta fara nutsewa cikin bawon reshen. In warware ta?"

"A'a! Kada ka ja," Sunusi ya ce da sauri. "Yanke ta za ka yi guntu-guntu, a hankali. In ta ji mata ciwo, tabon ba ya ɓacewa har abada."

Garzali ya juyo da kyamarar don ya nemo almakashi, fuskarsa ta cika allon. Layin nan yana nan, daga ƙasan ido zuwa haɓa.

Sunusi ya kafa wa tabon ido.

"To, Yaya," in ji Garzali. "A hankali zan yi."

Darasi: Haƙurin da kake yi da itace, da mota, da kayan sana'arka, mutanen gidanka sun fi cancantarsa. Kafin ka ɗaga hannu kan wanda ya ɓata maka abu, ka tambayi kanka ko ka taɓa zama ka koya masa. Ka tura wa duk wanda ka san bakinsa ko hannunsa na rigan tunaninsa.