Tabawa da Ɓarayin Garka

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wata tsohuwa ce, sunanta Tabawa. Tana da 'yar garka a bayan ɗakinta. Ta shuka kuɓewa da yakuwa, ta shuka gyaɗa, ga kabewa tana yaɗo. Da garkar nan take ciyar da jikokinta marayu, don ba ta da gona, ba ta da ƙarfin noma.

Shuka ta yi kyau, sai ɓarayi uku suka gano ta. Akuya ta tsallako ta cinye ganye. Zomo ya kurɗo ya datse toho. Kurege ya haƙo rami ya kwashe gyaɗa.

Ta kore su, suka dawo. Ta kafa mutum-mutumi, Kurege ya gaishe shi, ya kwanta a inuwarsa. Ran nan miya ta gagara, jikoki suka ci gayan tuwo. Tabawa ta zauna bakin garka, ta yi tagumi, tana tunani.

Sai ga Zomo.

Ya ce, "Sannu, Iya. Me ya same ki?"

Ta ce, "Ku kuka same ni. Amma kai cinka nawa yake? Da kai kaɗai ne, da na bar ka."

Zomo ya miƙe kunnuwa. Ya ce, "Ni kaɗai? Iya, in gaya miki maganin Akuya? Ki saro ƙaya, ki yi shinge mai tsayi. Kada ki ce ni na faɗa."

Tabawa ta saro ƙaya, ta kewaye garka.

Washegari Akuya ta zo tsallake, ƙaya ta soke ta a hanci. Ta ce, "Iya, wa ya koya miki wannan mugunta?"

Tabawa ta ce, "Yunwa. Da ke kaɗai ce, 'yar nan, ai da mun shirya. Kurege ne ya ishe ni."

Akuya ta rage murya. "Wannan ɗan tone-tonen? Ki daka barkono, ki haɗa da toka, ki zuba masa a bakin rami. Kada ki ce ni na faɗa."

Tabawa ta daka, ta zuba.

Can sai ga Kurege yana atishawa, idanu jajir. Ya ce, "Iya, haka za mu yi da ke?"

Ta ce, "Ayya, Kurege. Da kai kaɗai ne..."

Bai bari ta ƙarasa ba. "Zomo ne ko? Ƙasan shinge yake bi. Ki jera duwatsu, ki yaɓe da laka. Kada ki ce ni na faɗa."

Tabawa ta jera, ta yaɓe.

Da hantsi su ukun suka haɗu a bayan shinge, kowa ya zo cin garka shi kaɗai. Sama ƙaya, ƙasa dutse, rami yaji.

Akuya ta ce, "Wa ya tona ni?"

Kurege ya ce, "Ni wa ya tona ni?"

Zomo ya dubi ƙasa yana motsa hanci.

Tabawa tana ciki tana ban ruwa, tana jin su. Ta ci gaba da aikinta.

Kuɓewa ta sake fure. Kabewa ta yi 'ya'ya har ɗauka ta gagari jikoki. Tabawa kuwa ba ta riƙe kowa a zuci ba. In ta yi cira, sai ta wurga ciyawa da tsohon ganye bayan shinge, ta ce, "Ga naku nan. Na ciki na marayu ne."

Daga nan mutane suka koyi shinge da ƙaya, da zuba toka a ramin ɓarna. Har yau kuma in ka ga zomo, za ka ga hancinsa yana rawa. Tsoro yake kada a tambaye shi wa ya fara magana.

Ku kuma, kada kwaɗayi ya sa ku sayar da abokin tafiya. Wanda ya yi haka, har da shi ake rufe wa ƙofa.

Ƙurunƙus, kan ɗan kurege.