Dawar Tsufa da Ta Ratsa Kasuwa

Akwai wani mutum da yake aiki a gonar wani attajiri. Kowace kaka mai gonar yakan ware masa dami uku na dawa, ya ajiye masa a babban rumbu domin ranar da ƙarfinsa zai ƙare. Haka aka yi shekara bakwai.

Ana nan sai mutumin ya gina nasa rumbu. Ya je ya ce, "Ranka ya daɗe, ban bar aiki ba, amma ina so dawar tsufana ta koma rumbuna."

Mai gonar ya ce, "Taka ce. Zan sa a kai maka a rufe, daga rumbu sai rumbu."

Ya ce, "A'a, ni zan tura ta a amalanke ta tsakiyar kasuwa, a san ni ma na tara."

Yana shiga, sarkin kasuwa ya tare shi, ya zare dami huɗu na haraji.

"Ai ba sayarwa zan yi ba!"

"Kowa haka yake cewa. Wuce."

Gaba kaɗan sai ga surukarsa. Ta ce, "Ashe ɗana ya yi arziki, ana ɓoye mini?" Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai. Ta tambayi lafiyar kowa, har da kaji. Kafin gaisuwa ta ƙare ta ɗora wa jakinta dami biyar, awaki kuma sun yi biki a bayan amalanke. Taubasansa suka yashe rabonsu suna dariya. Ƙanshin tsire ya buge shi, ya ce a ransa, "Dami ɗaya ba ya hana tsufa."

Ya isa gida da dami biyu. Matarsa ta duba, ta ce, "Maigida, sai ka taƙaita tsufan nan. Wannan ba zai kai Kirsimeti ba."

Ma'anar wannan misali ita ce: babban rumbu shi ne kuɗin fansho da ake tara muku a wurin aiki, ƙaramin kuwa asusun kanku. In doka ta yarda ku mayar da shi tun kuna aiki, ba zunubi ba ne. Amma ya tashi daga asusu ya faɗa asusu, kada ya kwana a aljihunku. Aljihu kasuwa ne, fahariya ce take kai mutum can. Wanda ya cinye tsufansa, kada ya zo ikilisiya yana kuka wai Shaiɗan ne. Ba Shaiɗan ne ya tura amalanke ba.