Salkar da Nomau Ya Bari a Gindin Dutse

A wani zamani mai tsawo, tun duwatsu ba su gama ƙwari ba, an yi Sarki Jatau na Birnin Dambo, mai dawaki dubu da ɗa guda tak, Yarima Bawale, wanda ya wayi gari idanunsa a buɗe amma ko tafin hannunsa ba ya gani. Masana suka ce maganin na ga ganyen wata tsamiya a tsakiyar Dajin Shiru, kuma aljanar cikinta ba ta ba da ganye sai an shayar da saiwarta ruwan rijiyar garin mai nema.

Ba wanda ya san hanyar sai Sarkin Baka Nomau, tsohon maharbin da tun ranar da aka binne matarsa ya kama giya, har hannunsa ba ya daina rawa sai ya kurɓa. Sarki ya aike shi ya ɗebo ganyen. 'Yarsa Kyauta ta ɗinka salkar ruwan da hannunta, ta ce ƙafarta ƙafarsa. Ya rantse mata ya bari. Amma hali zanen dutse: ya ɗauki wata salka cikin ɗinkinta, iri ɗaya sak, ya cika da giya ya ɓoye a kayan jaki.

A zango na tara, rana tsaka, ya laɓe bayan dutse ya sha har kansa ya yi nauyi. Da ya hango Kyauta tana gyara masa takalmi, kunya ta kama shi, ya ƙudurta yar da giyar. Ya kuwa yar da salka, sai dai ido ya riga ya juye, ta ruwan ce ya bari a gindin dutse.

Da suka isa tsamiya ya tsiyaya a saiwa, wari ya tashi, ganyaye suka yanƙwane, ƙaya ta rufe kowace hanya. Aljana ta fito ta ce, "Ya kai ɗan Adam, da wannan ake gaida mai gida? Ganye ba ka samu ba, 'yarka kuma ta zama tawa."

Nomau ya faɗi a gindin itacen ya ce, "Ranki ya daɗe, uwar daji, yarinyar nan ba ta da laifi. Ni na yi mata rantsuwa na karya. Ki riƙe ni, ita kaɗai uwarta ta bar mini." Ya fashe da kukan da bai yi ba ko ranar jana'iza, Kyauta ta riƙe kansa tana cewa, "Ya isa, Baba." Hawayensa suka jiƙa saiwa, sai ga ganye yana miƙewa.

Aljana ta ce, "Shekara sittin kana shan rijiyar Dambo. Wannan ruwan garinku ne, na karɓa."

Aka shafa wa Yarima ganye, fuskar da ya fara gani ta Kyauta ce, ba a kuwa yi wata uku ba aka ɗaura musu aure. Ranar biki aka miƙo wa Nomau ƙwaryar ruwa, hannunsa na rawa har yana zuba a riga. Amarya ta taso daga cikin ƙawayenta, ta tallafe ƙwaryar da hannu biyu har ya shanye.