Kwabon Kofur Barmo

Ku gyara zama, wannan sai kun yi gardama a kanta.

An yi wata tsohuwa, Kaka Tabawa, mai jikoki uku da bakin tsiya wanda ya ishe su duka. Burinta ɗaya ne: ta ga kabarin mahaifinta, Kofur Barmo, wanda ya je yaƙin ƙasar Bama a zamanin Turawa ya dawo da ɗingishi. Tana 'yar shekara bakwai aka binne shi a bayan ɗakinsa. Daga baya gari ya tashi, wurin ya zama kufai, aka nome shi kaf. Abin da take tunawa kawai shi ne gwangwanin da ya binne a bakin ƙofarsa, da wani kwabo a ciki da harsashin da aka ciro daga cinyarsa.

Kwatsam aka ce za a ja titi ta tsakiyar kufan. Masu aikin suka ce in an nuna musu kabari da shaida za su kauce, amma kwana goma suka bayar. Tabawa ta daina cin abinci.

Babban jikanta Ɗanlami manomi ne, kuma bai iya lallashi ba. Fartanya kawai ya saɓa. Kwana takwas yana tonon kufan, tafin hannunsa duk ya yi kanta, mutane na cewa ya zautu. Ran na tara ya ci karo da ruɓaɓɓen gwangwani, da dunƙulen tsatsa biyu a ciki. Ya dasa dutse a wurin, ya kawo gida.

Duk wanda ya gani sai ya taɓe baki, wai anini ne na zamanin Turawa, irin wanda ake tsinta a kowane kufai. Sallau maƙeri, ƙanen Ɗanlami, ya hana a yar. Ya jiƙa su a ruwan tsamiya, ya yini yana kankarewa da tsinke, a hankali kamar mai cire ƙaya. Da tsatsa ta fita ya ce, "Wannan ba dalmar maharba ba ce, rigar jan ƙarfe gare shi, harsashin soja ne. Kuma hudar anini zagayayya ce, wannan kusurwa huɗu gare ta."

Shugaban masu titi ya ce soja da yawa sun ratsa ƙasar nan, wannan bai isa shaida ba. Sai ga autarsu Uwani, mai fataucin yadi, wadda ta je Sin sau uku. Ta juya kwabon ta ce rubutun mutanen can ne. Ta aika wa wata abokiyar cinikinta hoto, amsa ta dawo: tsohon kuɗin Sin ne, kuma Sin da Bama iyaka ɗaya suke. Dagaci ya shaida cewa a duk garin Kofur Barmo ne kaɗai ya taɓa taka ƙasar Bama. Wani ya tambaya nawa zai yi a kasuwa. Uwani ta yi dariya ta ce, "Ko mudun gero ba zai saya ba."

Aka karkatar da titi. Aka ɗauko Tabawa a amalanke, ta zauna bayan dutsen Ɗanlami, ta dafa ƙasa ta ce, "Baba, ni ce." Ta yi kuka har ta gode Allah, jikokin ma suka taya ta. Ran nan malmala biyu ta cinye, tana zaginsu wai sun bar ta da yunwa.

Harsashin ta mayar da shi inda aka tono shi. Kwabon kuwa ta zura masa zare ta ce, "Ja'irai, ba ni da abin da ya fi wannan, kuma ba ya rabuwa uku." Kowannensu ya sunkuyar da kai, amma kowa yana so.

To jama'a, da wanda ya tono, da wanda ya fito da fuskarsa, da wadda ta gane asalinsa, a wuyan wa ya kamata Tabawa ta rataya kwabon nan?