Mutumin da Ya Ƙi Kwanciya a Ƙarƙashin Motarsa

Akwai wani mutum, manomi ne, dattijo ne kuma a ikilisiyarsu, wanda ya gaji wata tsohuwar mota daga mahaifinsa. Irin motocin nan ne na dā masu doro, waɗanda yara ke ce wa kunkuru. Ku da kuka taso yanzu ba lalle ne kun taɓa shiga irinta ba. Injinta a baya yake, ba ta da lagireto, ba a zuba mata ruwa. Iska ce ke sanyaya ta daga waje, baƙin mai kuma ke sanyaya ta daga ciki. Ran motar nan duk a cikin man yake. In mai ya daina zagayawa, to, inji ya gama yawo.

Ba ta kuma da filta irin ta motocin yanzu, wadda ake kwancewa a yar a ɗaura sabuwa. Abin da take da shi wata 'yar raga ce kamar rariyar tankaɗe, can a gindin inji, an rufe ta da farantin ƙarfe mai noti shida. Duk man da zai hau cikin inji sai ya bi ta ragar nan. Dattin da inji ke tarawa kuwa, ɓarɓashin ƙarfe da ƙurar hanya da ƙonannen mai, nan yake kwantawa a hankali har ya zama baƙar laka.

Ranar da mahaifin ya miƙa masa makulli, magana ɗaya ya yi masa. Ya ce, “Ɗana, duk ran da ka yi juyen mai, ka kwanta a ƙasa ka kwance noti shidan nan, ka wanke ragar da kananzir. Kada ka tsallake ko sau ɗaya.”

Motar nan ita kaɗai ce a ƙauyen. Asibiti kuwa yana bayan wani dogon tudu, tafiyar yini ce ga mai ƙafa. Kowa ya san in ciwo ya tashi, ƙofar gidan mutumin nan ake bugawa.

Kada ku ce malalaci ne, a'a. Yana son motar nan kamar me. Kowace Asabar sai ya wanke ta har mutum ya ga fuskarsa a jikinta. Duk wata uku sai ya yi juye, mai kuma sai mafi kyau a kasuwa. A ƙofar gida yake yin aikin, da yamma, daidai lokacin da maƙwabta ke zaune a gindin darbejiya. Sai ya tsuguna ya miƙa hannu, ya kwance babban notin tsakiya, tsohon mai ya tsiyaye, ya mayar ya ɗaure, ya zuba sabo. Sa'an nan ya zaro sandar auna mai, ya ɗaga ta sama, ya ce, “Jama'a, ku duba, kamar zuma!”

Amma noti shidan nan ba sa kwantuwa da tsugune. Sai mutum ya kwanta rigingine a turɓaya, ya cusa kansa ƙarƙashin mota, baƙin mai na ɗiga masa a fuska, ƙafafunsa a waje kowa na kallo. Dattijo guda, mai farar riga, wanda ake miƙe wa in ya shigo sujada? Haba! Shekarar farko ya daure ya yi sau biyu. Daga nan ya ce sai juye na gaba. Juye na gaban nan shi ne ya kai shekara bakwai.

Akwai wani tsohon makanike, Baba Irmiya, abokin marigayi mahaifinsa. Wata ranar kasuwa ya zo wucewa a kan kekensa, ya ji ƙarar injin, sai ya tsaya ya kasa kunne.

Ya ce, “Ɗana, yaushe rabonka da ragar?”

Mutumin ya zaro sanda ya nuna masa. “Baba, duba man da kanka.”

Tsohon ya ce, “Na ga na sama. Na ƙasa nake tambaya. Sandar nan ba ta kai inda nake faɗa maka.”

Mutumin ya yi dariya, ya ce Baba dai tsufa ya kama shi, ya sa aka kawo masa kunu. Tsohon ya sha kununsa, ya hau kekensa ya tafi.

Ba a daɗe ba wata 'yar jar fitila da ke gaban direba ta fara ƙyaftawa duk sanda inji ya yi zafi. Ita ce ke gaya wa direba mai ba ya hawa yadda ya kamata. Mutumin ya ce ai waya ce ta saki. Da ƙyaftawar ta dame shi, kun san abin da ya yi? Ya samo 'yar takarda mai ɗauke da aya, ya liƙe a kan fitilar. Duk wanda ya shiga motar sai ya karanta ayar ya ce lalle wannan gida na masu tsoron Allah ne.

Ana nan, ran nan da kaka, rana tsaka, matarsa Rahila tana tattara harawa a gona, sai maciji ya sare ta a ƙafa. Aka ɗauko ta a guje aka kwantar a kujerar baya. Ta ce, “Maigida, yi sauri, abin yana hawa.”

Ya ce, “Kwantar da hankalinki. Jiya-jiya na yi mata juye.”

Bugu ɗaya motar ta tashi. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya ta yi gudu lafiya lau. Da suka kama tudu ya taka ta iyakar ƙarfinsa, rana na dukan ƙarfe, inji na neman mai fiye da yadda ya taɓa nema. Lakar shekara bakwai ta riga ta toshe ragar, ba ta bar komai ba sai 'yan ƙofofi. Da inji ya ja da ƙarfi, sauran lakar ta taso ta rufe su. Sai aka ji ƙwanƙwasa daga baya kamar ana dukan tukunya da muciya. Motar ta yi tari sau biyu ta tsaya cik a tsakiyar tudu. Inji ya buga.

Mutumin ya fito a ruɗe, ya ɗaga murfin baya, ya zaro sanda. Ga mai nan cike, garau. Ya ɗaga ta sama yana cewa, “Ga mai! Ai ga mai!” Babu kowa a wurin da zai nuna wa. Rahila kuwa tana nishi a ciki.

Goya ta ya yi a bayansa ya haura tudun da ƙafa, sai can gaba suka sami mai amalanken shanu ya taimake su. Ba su isa asibiti ba sai da rana ta kusa faɗuwa. Allah ya yi da sauran kwananta, ta rayu. Amma likita ya ce, “Da kun iso da azahar, da ƙafar ta tsira.” Aka yanke ta daga ƙasan gwiwa.

Bayan sun dawo gida, aka ja motar da shanu zuwa ƙofar gidan. Baba Irmiya ya zo da sifanar kwance noti a hannu. Maƙwabta suna zaune a gindin darbejiya kamar kullum. Mutumin ya matsa gefe don tsohon ya shiga ƙarƙashi, sai tsohon ya miƙa masa sifanar.

Ya ce, “Ba ni zan kwanta ba, ɗana. Kai ne.”

Ya kwanta da farar rigarsa a turɓaya. Ya kwance noti shida. Farantin ya ƙi faɗowa don ya manne, sai da ya ɓamɓare shi, wani baƙin curi mai kauri kamar kwanannen tuwo ya faɗo masa a ƙirji. Ya fito da ragar ya ɗaga ta ga rana, ko ɗigon haske bai ratsa ba. Aikin duka bai kai rabin awa ba. Nan ya zauna a ƙasa ya yi kuka a gaban kowa, babu wanda ya yi masa dariya.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwana: motar nan ni ce, kai ne, ke ce. Sabon man da ake zubawa shi ne Maganar Allah da muke ji kowace Lahadi, da waƙoƙi, da addu'o'i. Mai ne mai kyau, ba shi da laifi ko kaɗan. Ragar kuwa lamirinka ce, duk abin da zai shiga ya rayar da kai ta nan yake bi. Lakar ita ce abin da ka bari ya kwanta a gindin zuciya ba ka furta ba. Ƙanenka da ba ka gaisa da shi ba tun rikicin iyakar gona. Ƙaryar da ka yi wa matarka, ka ce ai ta wuce. Ba ta wuce ba, kwanciya ta yi. Kana zuwa sujada kana zuba sabon mai a kanta, mu kuma muna duba sanda muna yaba maka, gama idon mutum iyakarsa na sama.

Kun lura ba wahalar aikin ce ta hana mutumin nan ba? Noti shida ne kawai. Kwanciyar ce ba ya so. Mu ma haka muke. Gara mana mu yi azumin kwana uku da mu je ƙofar wani mu ce, “Na yi maka laifi, ka gafarce ni.” In kuma Ruhu ya ƙyafta mana jar fitila a zuciya, sai mu nemo aya mu liƙe a kai. Na san wannan dabara sarai, don ni ma na taɓa yin ta, kuma har yau ina jin kunyarta.

Ga abin da nake so ku riƙe, ina kuma faɗinsa ba tare da shakka ba: babu lakar da ta fi ƙarfin jinin Ubangiji Yesu. Ko ta shekara bakwai ce, ko ta arba'in, in ka ƙasƙantar da kanka ka buɗe, zai wanke tas, haske ya ratsa. Shi bai taɓa ƙyamar mai datti ba. Abin da ba zai yi maka ba shi ne kwanciyar. Sifanar a hannunka ya sa ta.

Kada kuma ka ce ai lakar taka ce, kai ta shafa. Kowannenmu akwai wanda ya ɗauka a kujerar baya, mata ko miji, 'ya'ya, ko wani da ya dogara da bangaskiyarka. Tudu yana nan gaba, ba ya kuwa aiko da saƙo kafin ya zo. Mutumin nan ya gyara injinsa, yanzu ba ya tsallake raga, Rahila ma ta yafe masa tun tana gadon asibiti. Amma kowace safiya yana jin sandarta ƙwas, ƙwas, a tsakar gida, tana tafiya ɗora masa ruwan wanka.

Saboda haka in an tashi sujada yau, kada ka tsaya a bakin ƙofa kana nuna mana sanda. Ka san gidan da ya kamata ka je. Tafi da farar rigar taka, tana wankuwa.