Yadda Tsintsiyar Gwaggo Tasalla Ta Koma Kan Gauraka

Dalilin da ya sa kuka ga gauraka yana yawo da tsintsiya a tsakar kansa, kamar wanda aka aika shara ya manta hanya, shi zan gaya muku yanzu. Ku matso inuwa. Ku daina jijjiga wayar kejin nan, ba ya so. Ke mai jan hijabi, mayar da alawarki baki, ba ya sha.

Da can ba haka yake ba. Da can gauraka sanƙo gare shi, tal, kamar bayan ƙwarya. Ga dogon wuya, ga dogayen ƙafafu, ga jiki baƙi-baƙi kamar an tsamo shi daga toka. Ba abin da za ka kalla a jikinsa ka sake kallo.

A fadama suke zaune, shi da danginsa, suna da yawan gaske. Sai mutane suka yi ta nome fadamar. In matan gauraki sun yi ƙwai, a kwashe a soya. In sun ƙyanƙyashe, a kama 'ya'yan a kai gida a ɗaure. Haka aka yi ta yi, har ya zama a fadamar nan saura shi da matarsa kawai.

Ranar nan matar ta ce, "Malam, ni fa na gaji da yi wa mutane ƙwan karin kumallo. Tashi mu nemi wurin zama."

Suka taso da ƙafa har gidan namun daji. A lokacin dabbobi ba su daina magana da mutane ba tukuna. Mai kula da gidan, wani mai suna Malam Barau, ya dube su sama da ƙasa, ya ce to, akwai wani keji can ƙarshe kusa da katanga, su shiga. Suka shiga. Ba a daɗe ba matar ta yi ƙwai biyu, ta kwanta a kai.

To, a gidan akwai wata tsohuwa mai shara, Gwaggo Tasalla. Mutuniyar kirki ce, sai dai idonta ba ya gani sosai. Amma duk gidan ba wanda ya kai ta sanin dabbar da mutane suka fi so, don ita ce ke share gaban kowane keji da safe. Gaban zaki, ɓawon gyaɗa tuli. Gaban biri, ɓawon ayaba da tuƙar rake. Gaban ɗawisu kuwa, wanda baƙo ne, daga wata ƙasa mai nisa aka kawo shi, nan sai ta cika kwando biyu bayanta yana ciwo.

Ana saura kwana kaɗan Sallah, Malam Barau ya tare ta, ya ce, "Gwaggo, ina ne shara ta fi ba ki wahala?"

Ta ce, "Gaban wancan mai taƙamar jelar mana."

Ya ce, "Ina ne kuma ba kya samun komai?"

Ta ce, "Ai gaban Gauraka, Allah ya yi masa albarka. Ko ɓawon gyaɗa ɗaya ban taɓa tsinta ba. Wurin fes, ko sallah ka yi."

Ita a zatonta yabonsa take yi. Malam Barau ya gyaɗa kai, ya ce, "Wato ba mai tsayawa ya kalle shi ke nan. Madalla. Dama bayan Sallah za a kawo mini wasu ɗawisu biyu, ina neman inda zan sa su. Ki gaya masa, in aka yi kwana uku na Sallah ba ki share kwando guda a gabansa ba, shi da matarsa su koma fadamarsu."

Gwaggo ta dafe ƙirji. Ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga hannu, ya ce, "Kuma kar ki kwaso ta gaban zaki ki zuba. Na san sharar zaki."

Ta je ta gaya musu tana share hawaye da bakin mayafi. Matar Gauraka ta ɗago kai daga kan ƙwai, ta ce, "Fadama? Da ƙwai biyu? Malam, a ina za mu ɗauke su? A kan wannan sanƙon naka mai santsi?"

Ya ce, "Ki kwantar da hankalinki, zan san abin yi."

Ta ce, "Haka ka ce ranar da aka soye na bara."

Ranar Sallah ta zo, gida ya cika maƙil, kowa da sabon kaya. Gauraka ya tsaya a bakin keji yana gaisuwa. "Barkanku da Sallah. An yi Sallah lafiya?" Mutane su ce "Lafiya lau," su tambaye shi ina hanyar wurin ɗawisu. Shi kuma, da yake mai ladabi ne, sai ya nuna musu.

Rana ta biyu ya ce bari ya gwada waƙa. Kun dai ji muryarsa ɗazu, kamar ana jan tsohuwar ƙofar langa-langa. Yana buɗe baki wani jariri ya tsandara kuka, uwar ta saɓe shi ta yi gaba, har ta bar takalmi ɗaya. Da yamma Gwaggo ta zo ta duba, abin da ta samu ke nan, takalmi ɗaya. Ta ce, "Wannan kuwa ba zai cika kwando ba."

Rana ta uku da sassafe, Gauraka ya leƙa wurin maƙwabcinsa Biri, ya ce, "Maƙwabci, ka taimake ni da shawara. Kai me kake yi mutane ke taruwa?"

Biri ya sosa ciki, ya dube shi, dariya na cinsa amma ya danne. Ya ce, "Ni gashi gare ni. Zaki gashi gare shi. Kai matsalarka sanƙo. Wa zai baro gidansa ranar Sallah ya zo kallon sanƙo, alhali akwai na babansa a gida?"

Gauraka ya ce, "To yaya zan yi?"

Biri ya ce, "Akwai magani, amma sai mai haƙuri. Ka samo ƙaro a jikin bishiyar can, ka jiƙa shi ya yi kauri, ka lafta a ka. Sai ka fito rana ka tsaya da ƙafa ɗaya, ka rufe ido. Kar ka motsa, kar ka yi magana, ko me ka ji. Kafin la'asar gashi zai fito har sai an yi maka kitso."

Ƙarya yake yi, yarana. Abin dariya kawai yake nema. Amma wanda ke tsoron a kore shi da iyalinsa, ko me aka ce masa yi zai yi. Gauraka ya samo ƙaro, ya lafta, ya fito bakin ƙofar kejinsa inda rana ta fi bugawa, ya naɗe ƙafa ɗaya, ya miƙe wuya, ya rufe ido. Ƙiƙam.

To, Gwaggo Tasalla tana da wata al'ada. Akwai barewa da ake bari tana yawo a gidan, ta cinye mata tsintsiya har uku, don tsintsiyar ciyawa ce. Saboda haka duk lokacin da aka kira azahar, sai Gwaggo ta je wurin wani turke da ke bakin kejin Gauraka, ta soke gindin tsintsiyar a samansa, bakinta na kallon sama, inda barewa ba za ta kai ba. Sannan ta tafi alwala.

Ranar nan sabuwar tsintsiya ce a hannunta, ta Sallah, ruwan zinariya, ko sau biyar ba a yi shara da ita ba. Aka kira salla, ta taho da sauri. Ta ɗan ƙanƙance ido, ta ce, "Ikon Allah, yau turke biyu? Malam Barau ya sa an kafa mini sabo. Wannan ma ya fi tsawo." Ta yi ɗage, ta dasa gindin tsintsiyar a kan sabon turken, ta danna da kyau, ta murza. Ta ce, "Har da taushi." Ta yi tafiyarta.

Gauraka ya ji nauyi ya sauka a kansa. Bai buɗe ido ba. A ransa ya ce, "Alhamdu lillahi, ya fara fitowa. Kuma da ƙarfinsa ya fito."

Rana ta yi ta dukan ƙaro har ya bushe ƙam. Igiyar da ta ɗaure tsintsiyar ta ɗan saki, silayen suka baje kamar mafici.

Can sai ga barewa, ta shinshino sabuwar ciyawa. Ta zo ta ɗora ƙafafun gaba a jikin abin da ita ma ta ɗauka turke ne, ta miƙa baki. Gauraka ya ji numfashi mai ɗumi a wuyansa. Ya buɗe ido ɗaya, ya ga haƙora. Wayyo! Ya yi tsalle sama, ya buɗe fukafukai, ya dire kusa da kwanon ruwansa. Yana leƙawa ya ga kansa a ciki.

Ya ce, "Wannan ai ba gashi ba ne! Tsintsiyar Gwaggo ce!"

Ya girgiza kai, ba ta faɗi ba. Ya yi tsalle, ya duƙa, ya juya, ya sake tsalle, ya buga fukafukai. Tana nan daram. Biri kuwa ya faɗo daga kan reshe don dariya.

Wata yarinya ce ta fara hangowa, ta ce, "Umma, zo ki ga tsuntsu mai rawa!" Kafin ka ce me, an bar gaban zaki, an bar gaban ɗawisu yana ta baza jela shi kaɗai. Wani mai kalangu da ya zo yawon Sallah ya matso ya fara kiɗa. Gauraka na neman ya yar da tsintsiya, su kuwa suna tafi suna cewa ya iya taku. Kunya ta kama shi har kumatunsa suka yi ja. Ku duba, jan bai goge ba har yanzu.

Mutane suka zazzauna, aka kwance ƙullin gyaɗa, aka fara shan rake. Malam Barau ya iso da gudu yana gyara hula. Wani mai babbar riga ya ce, "Malam, wannan daga wace ƙasa kuka kawo shi? Ni ban taɓa ganin irinsa ba."

Malam Barau ya yi gyaran murya, ya ce, "E to, daga nesa. Nesa ƙwarai. Sai da aka tsallaka teku."

Sai ga murya daga baya, "Wane marar tsoron Allah ne ya ɗauke mini tsintsiya?"

Gwaggo ce. Ta ratsa mutane, ta matso har hancinta ya kusa taɓa bakinsa, ta ce, "La ilaha! Gauraka, kai ne turken?"

Ya ce a hankali, "Ni ne, Gwaggo. Cire mini."

Ta kama ta ja, shi ma ya ja baya, har ta zauna daɓas. Tsintsiya ko gezau.

Mai babbar riga ya ce, "Iya, kin san shi ne? An ce daga bayan teku yake."

Gwaggo ta miƙe tana kaɗe zani, ta ce, "Wane teku, ɗan nan? Daga bayan garinku dai. Gauraka ne, na fadama. Shi ne wanda kuke kwashe wa ƙwai kuna soyawa. Ga matarsa can a kan guda biyu, su suka rage. Gobe kuma za a mayar da su, ku je ku ƙarasa."

Mai kalangu ya tsayar da kiɗa. Wani tsoho ya cire hula ya sosa kai, ya ce, "Wallahi muna yara in suka tashi sai sun rufe rana. Ni kaina na ci ƙwan nan ba adadi. Ashe mu muka cinye su."

Wata mata ta ce, "Wa zai mayar da su? Nan za su zauna, mu riƙa kawo yara suna gani."

Malam Barau ya ce, "Wa ya ce za a mayar? Ni dama, ai, wasa nake yi."

Da mutane suka watse, shara ta kai idon sawu. Ga shara, ba tsintsiya. Gwaggo ta dubi Malam Barau, ta ce, "Kai ka ce kwando guda. Zo ka auna da hannunka." Haka ya tattare riga ya durƙusa, suka yi ta tsinta da hannu. Kwando huɗu suka cika.

Washegari Gwaggo ta zo da ruwan ɗumi a buta za ta jiƙa ƙaron ta karɓi kayanta. Gauraka har ya miƙa kai, sai matar ta daka tsawa daga kan ƙwai, "Kar ki taɓa! Gwaggo, don girman Allah ki bar masa. Shekara nawa ina kallon sanƙon nan."

Gwaggo ta ajiye buta, ta yi tunani, ta ce, "To, na bar masa, amma da sharaɗi. Duk wanda ya zo, kai ka yi masa rawarka ya tsaya. In ya tsaya, ni kuma in gaya masa daga inda kake, da abin da ya cinye danginka."

Gauraka ya ce, "Na yarda."

Matar ta ce, "Ni ma a samo mini tawa. Ba zai yi ta ado ni ina zaune kamar 'yar aikinsa ba."

Aka samo mata, Biri ma aka sa shi ya jiƙa ƙaron, don hukuncinsa. Da ƙwai suka fashe, sai ga 'ya'ya biyu, ba a jima ba kowanne ya tsiro da 'yar tsintsiyarsa a ka. Su kuwa sababbin ɗawisu, da suka zo, sai aka haɗa su ɗaki ɗaya da ɗan'uwansu, suka yi ta yi wa juna taƙama.

Shi ya sa har yau gauraka ke ɗauke da tsintsiyar Gwaggo Tasalla, yake tsayawa da ƙafa ɗaya kamar turke, in ya ga jama'a kuma ya hau tsalle. Shi yana cika nasa alkawarin, mu masu shara muna cika na Gwaggo. In kun je ƙauye kuka gan shi a fadama, ku bar masa ƙwansa, ku gaya wa yayyenku ma su bari. Ɓawon gyaɗar nan da kuka zubar kuwa, ku tsince abinku. An gama auna kwandon tun tuni.